Saƙon da Bai Shigo Wayar Ni'ima Ba

Ranar da Mahfuz ya fara ganin Ni'ima, kansa yana bayan firjin sanyaya madara, ƙafafunsa kawai ke waje. Ita ce ke kula da ɗan kamfanin madarar mahaifinta, Alhaji Jalo, a Fadaman Mada, inda matan ruga ke kawo kaya kowace safiya. Ta tsaya a kansa ta ce idan ya gama hutawa tana so ta ji me aka maƙala mata a firji. Ya fito da sauri har ya buge goshi, kuma tun daga wannan kallon bai ƙara samun kansa ba.

Ya yi mata bayani yana in'ina. 'Yar kwamfuta ce kamar tafin hannu, tana lura da sanyin firjin. A jikinta akwai ɗan akwati mai layin waya, da zarar zafi ya tashi saƙo zai shigo mata. Shi ya rubuta direban akwatin, wato ɗan furogiram ɗin da ke sa kwamfutar ta iya magana da shi. Ta ba shi lambarta ya saka a na'ura. Ya saka ɗin, sannan ya saka a tasa wayar ba tare da kowa ya aike shi ba.

Washegari ya rubuta mata: "Ni ne na firji. Ina gwada layi ne kawai. Kin tashi lafiya?"

Ta amsa: "Layi na aiki, Injiniya. Ban san firji na tambayar kwana ba."

Kafin wata huɗu ya zama Injiniyana, ita kuma Ni'imata. Hajja, kakar Ni'ima, ta karɓe shi hannu bibbiyu, tana kiransa mijinta, tana tsokanarsa da cewa ya rasa wadda zai so sai yarinyar da ba ta iya dama fura ba. Alhaji Jalo ne bai saki fuska ba. Shi hankalinsa yana kan Abdulbaqi, ɗan ƙanwarsa mai aikin ofis a GRA, don bai ga sana'a a wurin mutumin da ke wuni yana danna allo ba. Bai ce a'a ba dai, ya ce zai zuba ido.

Wata Juma'a aka cika firjin da madarar da za a kai wa masu shaguna a Shadawanka, aka rufe wurin da hantsi. Da rana injin sanyin ya mutu. Da aka buɗe ran Asabar da safe, wari ne ya tarbe su tun daga ƙofa.

Alhaji ya tambayi ina saƙon da aka ce zai zo. Ni'ima ta rantse babu abin da ya shigo. Abdulbaqi, wanda ba a nemi bakinsa ba, ya ce mai wuni tana hira da saurayi ai saƙon firji ba zai tsaya mata a ido ba, ƙila ma ta goge ne da ta ga an yi ɓarna. A gaban matan ruga Alhaji ya karɓe mukullan daga hannunta ya miƙa wa Abdulbaqi.

A ranar Mahfuz ya zo ya kwashe bayanan da kwamfutar ke ajiyewa, ya koma ɗakinsa. Kafin azahar ya gano inda matsalar take.

Ba kowane firji ke da akwatin layin ba, wasu masu saye ba sa buƙatarsa. Shi ya sa ya rubuta cewa idan kwamfuta ta tashi ta nema ba ta samu ba, ta wuce abinta shiru, ba laifi ba ne. Amma rashin samu iri-iri ne. Akwai wanda ba a saka shi ba tun farko, akwai wanda yana nan bai gama tashi ba, akwai wanda ya lalace. Shi kuwa, don gaggawa, ya haɗa su duka a layi ɗaya ya ce babu. Ran Juma'ar wuta ta ɗan ɗauke, kwamfutar ta sake tashi, ta nemi akwatin kafin ya shirya. Akwatin ya ce a jira, direban Mahfuz ya rubuta babu. Daga nan ba ta ƙara waiwayarsa ba, har madarar ta lalace.

Gyaran bai ci minti goma ba. Idan babu, a wuce. Idan bai shirya ba, a dawo a sake nema. Idan ya lalace, a kunna jar fitila. Abin da ya gagare shi shi ne buɗe baki. Yana ganin ran da Alhaji ya ji, shi da Ni'ima sai dai a mafarki. Sai ya ce mata yana kan bincike, kuma ya yi ta faɗin haka har mako uku, abin kunya.

Rannan ta turo masa: "Injiniyana, kowa ya ce sakacina ne, har na fara zargin kaina. Kai kaɗai ka yarda da ni. Allah ya bar min kai."

Ya karanta sau uku, ya tsani kansa. Bayan la'asar ya iske Alhaji a ƙofar gida, ya durƙusa ya zayyane komai. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe.

"Yaushe ka gano?"

"Ran Asabar ɗin, Baffa."

"Wace Asabar?"

"Ta farko."

Alhaji ya ce, "Madara ta sha lalacewa a gidan nan, ban kori kowa ba. Amma mako uku kana kallon 'yata tana kuka? Tashi ka ba ni wuri."

Washegari Alhaji ya mayar wa Ni'ima mukullanta a gaban matan da suka ga an karɓe, ya kuma nemi ta yafe masa. Mahfuz kuwa saƙo ɗaya ya samu: "Da ran nan ka faɗa min, da ni zan tsaya maka a gaban Baffa. Kada ka kira ni."

Bai kira ba. Ya bi duk wanda ya taɓa sayen na'urarsa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi kuskurensa da bakinsa, ya saka gyaran. Abdulbaqi ya fito neman aure sosai, Ni'ima ta ce ba za ta iya zama da wanda ya ce ta goge saƙo ba. A wata na bakwai Hajja ta kwanta. Kafin ta rasu ta ce wa ɗanta Alhaji Jalo ya tuna ba wanda ya kama Mahfuz, da ƙafarsa ya kawo kansa, kuma da ya yi shiru har abada ba mai sani. Ranar ta'aziyya Mahfuz ya zauna can ƙarshen tabarma, bai iya ɗaga kai ba.

Bayan arba'in wayarsa ta yi ƙara, saƙon Ni'ima ne: "Firji ya turo saƙo yau, mun ceci madara. Ka zo ka gaida Baffa, Injiniya."

An ɗaura auren wata Asabar da safe a masallacin unguwa. Alhaji Jalo ya riƙe hannunsa ya ce ya ba shi amana, kuma ko me ya faru a gidansu a faɗe shi ranar da ya faru. Da yamma, bayan 'yan kai amarya sun watse, Ni'ima ta ciro wata hula daga ƙasan akwatinta. Hajja ce ta saya tun kafin maganar madara, ta ce a ajiye wa mijinta, ita za ta ɗora masa ranar biki.

Mahfuz ya riƙe hular, hawaye na zuba. "Ni na hana ta gani, Ni'imata."

Ba ta musa masa ba. Ta karɓi hular ta ɗora masa, ta gyara zamanta yadda Hajja za ta yi, ta ce Allah ya jiƙan Hajja, su kuma Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ya ce amin.