Matar da ke Gefen Hoto

A can ƙasar waje inda suke karatu, a wani shagon mamak, wato shagon shayi da abinci, na unguwar Danau Kota suka fara haɗuwa, tun shagon na da jajayen kujerun roba. Kalilu na duƙe kan kwamfutarsa, shayi ya huce a gabansa, sai ya ji sallama.

"Kai ne ɗalibin da aka ce yana gyaran bidiyo?"

Ya ɗago kai, ya manta bai amsa sallamar ba.

Saudatu ce, 'yar digiri na biyu. Tsohon bidiyon walimar saukarta ta kawo, wanda aka ɗauka a Zariya. So take a mai da shi na tsaye, daidai fuskar waya, ta aika wa mahaifinta.

Aikin yini guda ne, amma Kalilu ya ja shi har wata ya juya.

"Tauraruwata, launin bai fito ba. Ki zo mu makan, in ji 'yan garin nan, mu ci abinci mu duba tare."

"Launin ne bai fito ba, ko mai gyaran ne ya ƙi fitowa fili? Boleh, na yarda, ina tafe."

Masu koyar da wannan sana'a cewa suke abin kallo na tsakiya, gefe kuwa a yanke. Da gani ba su taɓa shiga gidan Bahaushe ba. Kalilu ya bi karatunsu, ya ja layi ya kewaye Saudatu, ya zubar da hagu da dama.

Mahaifinta na gama kallo ya kira ta.

"Wannan ne aikin yaron da kike min zancensa? Wanda ya cire matata daga hoto ba zan ba shi 'yata ba. Ga Tajuddeen ɗan aminina yana jira."

Ta daina ɗaga wayar Kalilu. Da ya dame ta, sai ta rubuto:

"Ka yanke Innata. Ni 'yar fari ce, har ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta tsaya kusa da ni. Tana can bakin ƙofa, ta hagu. Ni ma ban lura ba sai da Baba ya faɗa."

Bai ba da haƙuri da baki ba. Ya koma kan bidiyon na asali, ya yanke malamai, ya yanke baƙi, ya yanke har Saudatun, ya bar lungun hagu kaɗai, ya ƙara masa girma. Hoton ya yi dishi-dishi, amma ga ta nan: mace da mayafi, tana kawar da kai kamar taron bai shafe ta ba. Da muryar 'yarta ta kai ayar ƙarshe, sai ta saci kallonta, ta kai bakin mayafi ido.

"Ashe tana kallona," in ji Saudatu, da ya nuna mata a tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati.

"Tun farko take kallonki, Tauraruwata. Ni ne ban iya duba ba."

Da aka aika wa tsohon, ya kalla har ƙarshe. Can ya ce, "Haka take. Ki ce ya turo magabatansa."

A Zariya aka ɗaura aure. Da mai ɗaukar bidiyo ya matso kan amarya, ango ya dafa kafaɗarsa.

"Ja baya kaɗan, malam. Ka bar gefen."

Can gefen kuwa mahaifinta ne, yana yi kamar ba su yake kallo ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya zaunar da su lafiya.