Ranar da Nu'uman Ya Ɗaga Wa Surukinsa Murya

Wata Juma'a, kasuwar Wudil ta cika, wata budurwa mai suna Safara'u ta tsaya gaban teburin kayan waya a Sabon Garin Wudil. Mai teburin Nu'uman ne, ɗalibin jami'a da ke sayar da caja da iyafis bayan lacca. Ya ɗago ya gan ta, ya manta da wayar da ke hannunsa.

"Malama, me za a ba ki?"

"Abin da zai sa Babana ya ji karatu. Injin niƙa gare shi a Darki, ƙarar ta cinye masa kunne. Sai ya kunna tafsiri a waya ya zauna yana kallon bango."

Nu'uman ya fito da na'urori biyu, ɗaya kamar ɗan yatsa, ɗaya kamar kwalin ashana mai maɓallin murɗawa.

"Wannan ƙaramin DAK ake ce masa, a ramin caji ake soka shi. Yana fito da sauti tas, kowane harafi a wurinsa, amma ƙarfinsa daidai ne. Wannan kuwa amfilifaya ne, da batirinsa. Shi bai san tacewa ba. Abin da aka ba shi, mai kyau da maras kyau, shi yake kumburawa. Gwada ki ji."

Da ƙaramin, har numfashin malamin tsakanin aya da aya ta ji. Da aka jona babban, ta zabura ta fizge iyafis ɗin.

"Wannan ai faɗa ne, ba karatu ba! Shi Baba zai so."

"Ni dai ƙaramin na fi yarda da shi."

"Ai kai kunnenka lafiya lau, Injiniya."

Ya yi murmushi, ya ja farin layi a tsakiyar maɓallin. "Kada a wuce nan, zai iya yi wa kunne lahani. Da kaina zan kai masa in yi bayani."

Kowa ya san ba bayanin kaɗai ne ya kai shi Darki ba.

A zauren mahaifinta, Malam Maikano, Nu'uman ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Saurayin da ya sa rai a gida ba ya ɗaga wa mai gidan murya, don haka ƙasa-ƙasa ya yi gargaɗinsa, idonsa a tabarma. Dattijo ya ga baki yana motsi, girma ya hana shi ya ce wa yaro bai ji ba, sai ya ɗaga kai kamar ya ji. A nan aka yi ɓarnar, kuma ladabi ne ya yi ta. Ladabin da ya hana gaskiya isa kunne ba ladabi ba ne, tsoro ne.

Soyayya ta kankama. Yakan rubuto mata: "Tauraruwata, na gwada na'urori iri-iri, ban ji wadda ta kai muryarki tsabta ba."

Takan amsa: "Injiniya, rage ƙarar, ka wuce farin layi."

Har an fara zancen turo manya, sai wata safiya saƙonta ya shigo:

"Injiniya, Baba bai ji kiran asuba ba. Na yi masa magana a kunne, bai juyo ba. Na duba maɓallin, yana ƙarshe. Tun ranar farko a nan yake ajiye shi. Ina tsoro."

Nu'uman ya karanta, ya sake karantawa. Idan kunnen nan ya tafi, da shi auren zai tafi, kuma har abada sunansa wanda ya kurmantar da uban masoyiyarsa.

Garzali, wani dillalin shanu da Safara'u ta taɓa korarsa, bai bari zancen ya huce ba. Majalisa-majalisa ya bi yana cewa, "Ɗan boko ya sa wa tsoho injin biki a kunne!" Malam Maikano kuwa ya ce kada yaron nan ya sake taka masa zaure, asibiti ma ba zai je ba.

Safara'u ta daina cin abinci. Tana kai wa mahaifinta kwano, ta ce "Baba," ya ci gaba da jan carbi kamar ba kowa. Sai ta koma bayan ɗaki ta yi kuka.

Wani hantsi ta sake rubutowa: "Garzali ya kawo wani mai magani, yana ɗumama man da zai ɗiga wa Baba a kunne. Ba mai jin maganata. Don Allah ka zo."

Nu'uman ya hau babur, bai tsaya ba sai Darki. Ya tarar da zaure cike, an kwantar da kan dattijo a matashi, cokalin mai yana tururi.

"Kai, an hana ka gidan nan!" in ji Garzali.

Nu'uman ya wuce shi, ya durƙusa daidai kunnen dama na Malam Maikano, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa.

"Baba! Kada a zuba! Mu tafi asibiti!"

Wani tsoho ya yi salati. Safara'u da ke laɓe a bayan ƙofa ta dafe ƙirji, ta ce shi ke nan, auren ya mutu.

Dattijo ya juyo a hankali. Ya ji.

"Na ce kada a wuce farin layi!" Nu'uman ya ci gaba, hawaye na zubo masa. "Amma a hankali na faɗa! Laifina ne!"

Malam Maikano ya dube shi. "Ashe abin da kake faɗa ke nan ranar," ya ce. "Ni kuwa na ɗaga kai." Ya ture cokalin. "Ku miƙo mini hulata."

A asibitin Kano likita ya ce garin niƙa da dattin kunne ne iyafis ya danna ciki suka toshe kunnuwan, ƙarar kuma ta ƙara wa ciwon ciwo. Aka wanke. Kunnen dama ya dawo, na hagu bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Likita ya hana shi iyafis da amfilifaya.

Nu'uman ya kawo ƙaramin nan da aka raina, ya jona shi da hedifon mai rufe kunne, ya daidaita ƙarar da hannunsa. Dattijo ya rufe ido yana saurare.

"Wancan ihu yake yi mini. Wannan magana yake yi," ya ce. Ya buɗe ido. "Ka ce wa manyanka su zo. Su ɗaga murya."

Ranar ɗaurin aure Garzali bai zo ba, ba a kuma nemi dalili ba. Bayan an shafa fatiha, Malam Maikano ya kama hannun ango a gaban jama'a.

"Kowa ya ga ina mutuwa a tsaye ya sunkuyar da kai. Wannan kaɗai ya yi mini tsawa. Na ba shi 'yata. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana."

Da aka kai amarya, Nu'uman ya matso ya raɗa mata, "Tauraruwata, ina son ki."

Safara'u ta ɗaga mayafi kaɗan. "Injiniya, a gidanmu an daina raɗa. Sake faɗa, in ji da kyau."