Kujerar 'Yar Majemi

"Da ba don kason da gwamnati ta ware muku ba, Kausalya, da kujerar nan tawa ce!"

Kausalya ta ajiye kofin shayinta a hankali, ta zuba wa Devashish ido. Tare suka karanci shari'a a Patna, inda soyayya ta ƙullu tsakaninsu, tare suka zana jarrabawar alƙalai. Ita ta ci a gurbin 'yan Dalit, dangin da ake ƙasƙantarwa har ana ƙyamar taɓa su, shi ya faɗi.

"Maimaita, Dev..."

"Haka Mama ta ce, kuma..."

"Mama ta ce! Lokacin da kake bencin gaba, ni a kan buhu nake zama a bakin ƙofar aji, don ubana majemi ne. Ko randar makaranta ba a bari in taɓa. Wannan kason wa ya ware maka shi?"

Ta suri jakarta ta fice, hawaye na bin kuncinta.

A gida mahaifinta Ramdhari ya ce, "Rabu da shi, 'yata. Gidan da ba zan iya taka ƙofarsa ba, ba zan kai ki ba."

"To, Baba," ta ce, zuciyarta kamar ta tsage.

Ranar da aka rantsar da ita, unguwar majema ta cika da kiɗa. Mata na rataya mata furanni, ana tura mata alewa a baki. Kwatsam gangar ta tsaya. Devashish ne, ɗan Barahmin, dangin da ake ɗauka sun fi kowa daraja, tsaye tsakanin fatun da aka shanya.

Ya durƙusa ya taɓa ƙafafun Ramdhari. Tsohon ya zabura ya ja baya.

"Kai, ɗan manya! Hannunka zai ƙazantu!"

"Bakina ne ya ƙazantu, Baba." Ya juyo, idanunsa jawur. "Hassada ce ta ci ni, rabin raina. Guminki ne ya ba ki. Ki yafe min..."

"Mama fa?"

"Ta ce in zaɓa. Ga ni."

Ramdhari ya miƙa masa kwanon da yake ci a ciki. Devashish ya gutsuri gurasa, ya dangwali miyar wake, ya kai baki a gaban kowa.

Tsohon ya goge ido da haɓar rawaninsa. "Mai shari'a, hukunci naki ne."

Kausalya ta yi dariya cikin kuka.

"Na yanke masa ɗaurin rai da rai... a hannuna!"

Guɗa ta kaure. Damina na wucewa aka ɗaura aure.