Kwalabe Shida da Ƙishirwar Guntu

"Mama, ɓarayi ma suna da 'ya'ya?" 'yar Sufeto ta tambaye ta da safe, ana ɗaura mata takalmi. Kafin Sufeto ta ba ta amsa, waya ta yi ƙara: an sace kwalabe shida na sinadarin ƙara girma daga firjin wani ɗakin bincike.

Ɗakin shiru, hasken hantsi na kwance kan akwatunan gilashi kamar ruwa. Fararen ɓeraye, wasu sun ninka 'yan'uwansu, sun lumshe ido suna ta lasar bakin kwalbar ruwa.

"Waɗannan ƙattin fa, Dakta?" Sufeto ta tambayi shugaban ɗakin.

"Su muke yi wa allurar fiye da kima. Jiki ya girma, amma fankiriyas, gaɓar da ke daidaita sukari a jini, sai ta yi ta aiki har ta gaji. Shi ya sa ba sa ƙoshi da ruwa."

"Makullin firji?"

"Ba ya barin aljihuna."

Sufeto ta dubi bayan ƙofa, ga makulli na lilo a ƙusa. Dakta ya sosa ƙeya.

Mai gadi ya rantse ko allura ba ta fita ba. Da aka matsa masa ya ce, "Sai dai mai ciyar da ɓeraye, da ke fita da fulas ɗin ƙanƙararta. Wai haƙori ke damunta."

A gidan matar, jikin ƙofa duk zanen fensir ne na awon tsawon yaro, layi kan layi, kusan wuri ɗaya. Ɗanta, ɗan shekara tara mai jikin ɗan biyar, ya shanye kofin ruwa ya sake miƙawa.

"Kofi na nawa ke nan, ɗan samari?"

"Na bakwai, Anti. Umma ta ce in na daure wa allura, za a daina ce mini Guntu."

Uwar ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ni na ɗauka, ranki ya daɗe. A hannuna ɓerayen suke girma, kullum ina gani. Ɗakin da ake buɗe cikinsu ne ban taɓa shiga ba."

Sufeto ta ɗauki yaron a kafaɗa, ta dubi ɗan sandan da ya rako ta. "Kofur, asibiti tukuna, sannan caji ofis."

Aka fita da uwar, tana rungume da takalman ɗanta.

Ke mai karatu, in tsawon ɗanki ya dame ki, kai shi wurin likita. Kada ki kuskura ki soka masa abin da rabin aikinsa kawai kika gani.