Mutumin da Ya Sunkuya a Ƙofar Kango

Rana ta yi ja, ta kusa faɗawa bayan gidajen maƙwabta, lokacin da dutse ya doki kwanon gidan Mai Kemis. Yana zaune a tsakar gida, ya jera kyamarori biyu a kan tabarma yana goge musu ido da ƙyalle mai laushi. Matarsa tana kwashe shanya. Suka ɗaga kai tare, suka ce aikin yaran unguwa ne. Sai wani ya sake sauka, sai wani, kuma da suka lura sosai suka gane ba daga titi jifan yake zuwa ba. A cikin ɗakin 'yarsu Auta duwatsun suke tashi, su doki silin, su zubo a kan gadonta. Ita kuwa tana zaune a ƙasa, ta fuskanci bango, ko gezau ba ta yi ba.

Duk wanda ya san Mai Kemis ya san wuyansa ba ya lanƙwasuwa. Aikin asibiti ma a kan haka ya bar shi, ranar da wani babba ya so a durƙusa masa kafin ya sa hannu a takarda. Ya fito ya buɗe shagon magani, ya ci gaba da taurin kansa a inda ba mai korarsa. Ban da salla, abu ɗaya ne kawai yake sa shi sunkuyawa, wato tsofaffin kyamarorin nan masu ido biyu, ɗaya a kan ɗaya, na sama don gani, na ƙasa don ɗauka. Ba a kai su fuska. Rataya su ake yi a wuya su tsaya a kan ciki, a buɗe murfin sama, a sunkuyar da kai a leƙa gilashi, a murɗa mamurɗin gefe har hoto ya fito fes. Matarsa takan ce da ta san akwati ne maganinsa, da tun ranar aure ta sayo guda.

Suna da 'yar ƙungiya ta masu irin wannan cuta, suna haɗuwa a bayan shagonsa su yi ta musu har shayi ya huce. Wani likitan haƙori ya kafe cewa tasa ƙirar Japan, mai sauƙin ɗauka, ta fi fitar da hoto tas. Mai Kemis ya ce ƙarya ne, tasa ƙirar Jamus mai nauyi da hannun juya fim ita ce uwa. Don a kashe magana, aka yarda mutum ɗaya ya ɗauki wuri ɗaya da duka biyun a haske ɗaya. Mai Kemis ya karɓi aikin, ya zaɓi kangon wani tsohon injin niƙa a bayan gari, ya kuma zaɓi dab da magariba, don a lokacin ne haske yake kwanciya a kan bango yadda suke so. Auta, wadda take jami'a kuma ta gado son hoto daga wurinsa, ta bi shi tana riƙe masa wadda ba ya aiki da ita. Ya tsaya a ƙofar kangon ya sunkuya ya ɗauka, ya canza kyamara ya sake sunkuyawa, ya yi ta yi har aka kira salla. Washegari jifan ya fara.

Kullum rana ta yi ja sai gidan ya yi tsit, ko kajin maƙwabta ba a ji. Daga nan sai duwatsu, sai wata murya kamar ana jan buhu a kan siminti. Auta ta daina cin abinci, ta rame, idanunta suka faɗa. Uban ya gwada duk abin da ya sani a shagonsa, ya kai ta asibiti aka auna aka ce lafiyarta lau. Matarsa ba ta nemi izininsa ba, ta yafa mayafi ta je ta ɗauko kawunta, wani malami tsoho mai sanyin magana wanda ya daɗe yana ruƙiyya.

Bayan sallar magariba Malam ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya fara karatu, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. An jima ana yi kafin Auta ta juyo. Fuskar tata ce, amma muryar ta wani tsohon namiji ce.

“Ka daina ƙona ni, Malam. Abina na zo karɓa.”

Malam ya tambaye shi wane ne shi, kuma mene ne nasa a gidan mutane. Aljanin ya ce shi ne mai kangon, a can ya haifi 'ya'ya har da jikoki. Ya ce mutumin nan ya zo ƙofar gidansa a lokacin fitowarsu, ya sunkuya masa a gaban iyalinsa duka, ya ɗago ya sake, ya ɗago ya sake. Rabon da ɗan Adam ya girmama shi haka har ya manta. Ya karɓi mubaya'ar, ya shelanta wa danginsa, saboda haka mutumin da abin da ya haifa duk nasa ne.

“Amma ni mai adalci ne,” in ji shi. “Ya sunkuya mini sau ɗaya yanzu, ba akwati a wuyansa, in bar masa 'yarsa.”

Malam ya ce wannan ba ciniki ba ne, shirka ce. Sai wuyan Auta ya fara murɗewa baya a hankali, jijiyoyi suka fito, numfashinta ya koma shaƙa. Uwar ta kama rigar mijinta, ya san abin da take roƙo. Mai Kemis ya ji tsoro, tsoro na gaske wanda bai taɓa jin irinsa ba. 'Yarsa ce, kuma shi ya kai ta wurin. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai fushi, kuma fushin ne ya riƙe masa wuya.

“Ban sunkuya maka ba,” ya ce. “Ko ganinka ban yi ba. Bango nake ɗauka, kai ba ka isa in ɓata fim a kanka ba.”

Aljanin ya yi dariya ya ce ƙarya ne. Me zai kasance a cikin ɗan akwati da zai sa mutum irin wannan ya sauke kai?

Mai Kemis ya dubi Malam, Malam ya gyaɗa kai. Mai Kemis ya fita tsakar gida ya ɗauko tasa mai nauyin, ya kunna fitilar ɗakin, ya rataya wa Auta ita a wuya. Ya buɗe murfin ya ja da baya ya tsaya a gabanta. Ya ce in dai shi tsoho ne mai adalci, ya duba da kansa. Aljanin ya ɗaga kyamarar ya kai ido a kan gilasan gaba, bai ga komai ba sai duhu. Ya juya ta, ya girgiza ta, ya yi tsaki.

“Ba haka ake yi ba. Ta sama ake leƙawa,” in ji Mai Kemis.

Wuyan da ya murɗe ya dawo daidai. Kan Auta ya sauka, ya ƙara sauka, har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji. Mai Kemis ya bar shi ya kalla ya ƙoshi, sannan ya yi magana.

“To ga shi ka sunkuya mini a gaban matata da Malam. In karɓa, kai da jikokinka ku zama nawa?”

Malam ya ɗauko karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi, muryar kuwa ta fara ƙanƙancewa. Aljanin ya nemi a ba shi kyamarar ya tafi da ita, aka hana. Ya nemi a yanka masa ko da kaza ce don ya samu abin nuna wa dangi, Malam ya ce ko gashinta ba zai samu ba. A ƙarshe ya roƙi abu ɗaya, kada a gaya wa kowa ya sunkuya. Mai Kemis ya ce shi bai yi wannan alkawari ba. Malam ya rantsar da aljanin cewa ba zai sake taka gidan ba, Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, kafaɗunta suka saki.

Ba ta ɗago ba. Uwar ta yunƙura za ta kama ta, Malam ya tare ta da hannu. Mai Kemis yana tsaye inda yake, bai san wa ke cikin jikin 'yarsa ba, sai ya ga yatsunta sun lalubo mamurɗin gefe suna juya shi a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan, yadda ya koya mata.

“Baba,” ta ce da muryarta, a dishe, “ka daina kuka mana, kana motsi.”