Zarton Bahago

Direba yana zaune a kan kujera yana ɗaura igiyar takalminsa, sai ya ji matarsa Auta ta yi dariya a tsakar gida. Kwana goma sha biyu rabonsa da jin wannan dariya, tun ranar da aka binne mahaifinta. Ya leƙa ta taga. Waya ce maƙale a kunnenta, tana wanke kofuna. Bai tambayi da wa take magana ba, don ya sani. Mutum ɗaya ne yake sa ta dariya har ta dafe ciki, kuma ba shi ba ne.

Bahago ne, ɗan riƙon gidansu. Uwarsa maƙwabciya ce, ta rasu yana da wata biyu, Inna mahaifiyar Auta ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da babban ɗanta. Ya tashi a shagon Baba Kafinta da ke ƙofar gida, shekara ashirin da biyar yana shaƙar ƙurar katako. Direba ya san duk wannan tun kafin aure. An gaya masa Bahago yayan Auta ne na nono, babu aure a tsakaninsu har abada. Ya ji, ya ce to. Amma duk sanda ta ce "Yaya Bahago ya ce", sai ya ji kamar an zuba masa yashi a shayi.

Baba Kafinta mutumin kirki ne, sai dai ya yi sakaci, kuma sakaci laifi ne ko a wurin wa. Kullum cewa yake wata rana zai tara mutane ya faɗi abin da ya ware wa Bahago. Bai tara ba, bai rubuta ba, har ya yanke jiki ya faɗi da guduma a hannunsa. Ya bar Inna, da babban ɗansa Akawu mai aikin ofis, da Auta. Akawu kuwa so yake a sayar da kayan shago gaba ɗaya a huta.

Da yamma Direba ya biya wajen mahaifiyarsa. Tsohuwar tana tsefe kai, ta saurari ƙorafinsa, ta taɓe baki. Ta ce ita tun farko ba ta gane wa wannan 'yan'uwantaka ba, mace da aurenta tana ɓaɓɓaka dariya da ƙaton gardi a waya.

"In da gaske ɗan'uwanta ne, ai za a ba shi gado. Ka zuba ido. In ba a ba shi ba, to ka san an daɗe ana yi maka kallon sakarai."

Maganar ta shige shi kamar ƙusa. Washegari ko aiki bai je ba, ya nufi wajen malamin da iyalan suka roƙa ya raba musu gadon. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaya ko ɗan riƙo yana da kaso. Malam ya ce ba shi da shi. Da a ce mamacin ya yi wasiyya, ana iya ba shi har sulusin dukiya, amma tunda bai yi ba, bayan an biya abin da ke kansa, matarsa ta ɗauki ɗaya bisa takwas, sauran a kasa uku, namiji biyu, mace ɗaya. Direba ya ce to ashe dai Bahago bare ne. Malam ya sauke tabarau ya dube shi. Ya ce nono yana haramta aure, amma ba ya kawo gado, kada ya haɗa biyun.

"Kai kuma mene ne naka a ciki? Kai ma ai ba ka cikin magada. Abin da ya faɗo wa matarka nata ne, ko allura ce."

Direba ya fito kunnensa yana zafi. Rabin maganar da ya yi masa daɗi ya riƙe, ya bar rabin a can.

A ranar ne kuma Auta ta kawo masa tata maganar. Ta aje masa abinci, ta jira ya wanke hannu, sannan ta ce tana neman shawararsa. So take ranar rabo ta roƙi a ba ta kasonta a kayan aiki, injin yanka katako da su zarto da guduma, ta mallaka wa Yaya Bahago, don in aka sayar ba shi da abin riƙe 'ya'yansa uku.

Ya ture kwanon. Ya tambaye ta ko ta manta shekara nawa suna zaman haya, ko ta taɓa tunanin shi ma yana son motar kansa. Ta ce in motar ce damuwarsa, akwai kasonta na gida, ya ɗauka duka. Wannan ya ƙara tunzura shi, don ya gane ba motar ce ke cinsa ba. Ya ce malam da bakinsa ya ce Bahago ba kowa ba ne a gidansu.

"Sori, Maigida, amma ba haka malam zai ce ba. Nonon da na sha shi ya sha."

"To ki ji da kyau. Ranar da kika miƙa masa ko ƙusa ɗaya, ki zauna can. Kada ki dawo min gida."

Auta ba ta ɗaga murya ba. Hawaye ya zubo, ta share da gefen zani, ta kwashe kwanonin. Kwana shida suka biyo baya, tana dafa masa, tana goge masa kayan aiki, tana gaishe shi yana amsawa da hanci. Ta daina ɗaga waya in Bahago ya kira. Direba yana ganin wayar tana haske a kan tebur, ita kuma ta kau da kai, sai ya ce a ransa ai don yana nan ne. In ta yi shiru, ya ce tunanin wani take. Kishi haka yake, duk abin da aka ba shi ci yake ya ƙara ƙiba.

Ranar rabo aka shimfiɗa tabarma a ƙofar shago. Inna tana takaba, ta zauna daga cikin soro inda take jin komai. Malam ya ce kafin a taɓa kayan mamaci, duk mai wani abu nasa a shagon ya fitar. Bahago ya shiga. Ya daɗe a ciki, ya fito da hula, da kofin shayi, da wata tsohuwar riga mai fenti. Akawu ya ce shi ke nan? Bahago ya ce shi ke nan, sauran duk Baba ne ya saya.

Aka ce Direba, da yake mai ƙarfi ne, ya taimaka a fito da kaya. Ya yi murna, yana so ya ga idon Bahago. Ya ɗauko wani zarto, sai mariƙin ya ƙi zama a hannunsa, yana tokarar masa babban yatsa. Ya ɗauki na biyu, haka. Ya ce wa Akawu waɗannan ai sun lalace, ba mai saye.

Muryar Inna ta fito daga soro. Ta ce ba lalacewa suka yi ba. Yaron yana ɗan shekara tara yake ta yanke hannu, don kayan duk na masu dama ne. Marigayi ya cire mariƙan ɗaya bayan ɗaya, ya sassaƙa sababbi daidai hannun hagu, shi kuma ya koma yana aiki da su a karkace har ya mutu.

Direba ya mayar da zarton hannunsa na hagu. Mariƙin ya zauna daram. Katakon ya yi santsi, ya lotsa a wurin yatsu huɗu, lotsawar gumin shekaru.

Malam ya tambayi Auta yadda take son kasonta. Ta dubi mijinta, idonta ya yi ja. Ta ce a ba ta kayan aiki. Kafin ta ƙarasa, Bahago ya miƙe. Ya ce labari ya iso masa, kuma ba zai karɓa ba. Zai je ya yi ƙwadago a shagon wasu, hannunsa bai mutu ba.

"Ba zan ci abinci da auren ƙanwata ba." Ya juyo wajen Direba. "Angon Benci, riƙe matarka. Ranar nan da na kira ta, tana ta kukan Baba, na rasa abin da zan ce. Sai na tuna mata zuwanka zance na farko, da ka zauna a kan bencin da na shafa wa fenti, ka manne, ka ƙi tashi har magariba don kunya. Duk duniya labarinka kaɗai ne ya sa ta dariya."

Akawu ya tuntsire, har malam ya rufe baki da hannun riga. Direba bai yi dariya ba. Ya tuna farin wandon nan, ya tuna Bahago ne ya ara masa nasa ya koma gida da shi. Kwana bakwai yana hura wa kansa wuta a kan dariyar da shi ne a cikinta. Ya dubi Auta, ta rame, tana wasa da bakin mayafi, ta shirya rasa ɗakinta ba tare da ta gaya masa baƙar magana ko ɗaya ba.

Ya taka har gaban Bahago, ya kamo hannunsa na hagu ya danƙa masa zarton.

"Yaya, karɓi. Ba nawa ba ne balle in bayar, nata ne, kuma ta bayar. Ni dai na janye maganata."

Tunda ya auri Auta bai taɓa ce masa Yaya ba sai ranar. Bahago ya riƙe zarton. Inna ta ce ita ma a sa ɗakin shagon cikin kasonta, yaronta ya ci gaba da buɗewa. Akawu ya yi ɗan gunaguni, sannan ya sa hannu.

A hanyar gida Direba ya nemi gafara sau uku. Auta ta ce ta yafe tun a ƙofar shago, amma da sharaɗi: shi zai je ya yi wa mahaifiyarsa bayanin nono da gado, yadda malam ya faɗa, duka biyun. Ya je, tsohuwar ta saurara, ta ce ita dama ba ta ce komai ba.

Masu dukiya, ku faɗi abin da za ku faɗa tun kuna da baki, ku kira shaidu, don wanda kuka raina da hannunku ba lalle shari'a ta san da shi ba. Maza kuma ku sani, dukiyar mace tata ce, 'yan'uwanta ma nata ne. Auta ta yi haƙuri, ba ta zagi miji ba, ba ta kuma yar da ɗan'uwa ba, Allah ya bar mata su duka. Bencin nan yana ƙofar shago har yau, kuma in Direba ya zo, sai ya shafa shi da hannu kafin ya zauna.