Naman da Damisa Ta Rage

A kan reshen wata ɗorawa aka sami maraƙin, kai a ƙasa, wuya a yayyage, cinya ɗaya babu. Ƙudaje sun riga hukuma zuwa. A gindin bishiyar kuma ga mutum zaune ɗaure da igiya, samari masu sanduna sun kewaye shi.

Sufeto Philemon ya sauka daga bayan acaɓa, ƙugunsa na ƙara. A ofis, a Birnin Gwari, an ce masa damisa ta kashe dabba kusa da Kakangi. A hanya wani ya ce masa ɓarawo aka kama. Yanzu ga dabbar, ga ɓarawon, kuma babu mai iya gaya masa wanne daga ciki ya kawo shi.

Wurin sansanin baƙi ne na Alhaji Abdulfattah, ɗan Kaduna. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga hanya ta buɗe, ya kafa tantuna a bakin daji, ya baza talla a waya cewa damisa ta dawo gida. Dajin da masu shi suka gudu suka bar gonakinsu, yanzu biya ake yi a zo a kwana a cikinsa.

Mai maraƙin, Bakoji, dattijo ne da 'yan bindiga suka kwashe wa garke, suka bar masa abin da bai cika yatsun hannu ba.

"Baffa, wa ya ɗaure mutumin nan?"

"Yarana. Ni na hana su wuce haka. Na ce a jira hukuma." Ya dubi acaɓar. "To, ga hukuma ta iso."

"Ka ga ya ɗauki maraƙin?"

"Ban gan shi ba. Wannan na gani." Ya ɗaga dangwali, igiyar nan mai maɗaukai da ake jera maruƙa a kai. "Kwance shi aka yi. Da damisa ce, tsinkewa za ta yi. Kuma na zo na tarar da Enoch yana gasa cinyar dabbata."

Philemon ya dubi samarin. Ya san lissafin da suke yi da ido. In rana ta faɗi bai fito da mai laifi ba, za su fitar da nasu, kuma shi kaɗai ne ɗan sanda a wurin, ba shi da ko kulki.

Ya durƙusa gaban ɗaurarren. Enoch manomi ne ɗan Kakangi, shi ke shiga da baƙin sansanin daji yana nuna musu namun dawa. Jini ya bushe a gaban rigarsa.

"Jinin wane ne?"

"Na maraƙin ne, yallaɓai. Ni na hau na yanko cinyar, a gaban kowa. Tun zamanin babana, abin da damisa ta rage na wanda ya fara gani ne. Sai da nama ya hau wuta na lura da tsagar kunnen, na gane na Baffa ne."

"To damisar ce?"

Enoch ya ɗaga kai ya dubi reshen. "Haka take yi. Tana hawa bishiya da abin da ta kashe."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Ban ga sawu ba. Amma nan kan fa ne, dutse zalla, sawu ba ya zama. Ban ga kartar farce a jikin ɗorawar ba. Amma wataƙila..." Ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, rabona da ganin damisa tun ina bin babana a baya. So nake ta zama ita ce."

Mutum na tsaye a bakin kabarinsa, yana kare damisa. Philemon ya miƙe da ruɗani fiye da wanda ya durƙusa da shi.

Baƙuwar sansanin, Madam Sophia, likitar ido ce daga Abuja, haifaffiyar Kafanchan. Ta rantse ta ga damisar da safe. Ta nuna masa hoto a waya.

"Ga ta nan. Ga jelar."

Ya ƙura ido. Ciyawa ya gani, da wata ciyawar a bayanta.

"Kafin yau me kika gani?"

"Birai. Burtu. Gada ɗaya, ita ma bayanta. Sai kashin gwanki, wai in yi murna. Jiya na ce wa Alhaji in birai nake so ina da maƙwabta. Na ce yau zan tafi, in gaya wa abokan aikina da suka yi shirin zuwa da Kirsimeti su zauna a gida. Ko abinci an takura mini. Na zo da naman gwangwani daga Turai, ya hana a buɗe kusa da farantinsa, wai bai san wa ya yanka ba."

Malam Isah, kukun sansanin, shi ne mai wuƙaƙe, kuma shi ke yanka duk abin da aka ci a wurin. Philemon ya sa rai a kansa. Ran bai daɗe ba.

"A Kakangi na kwana. Alhaji ya aike ni sayen ƙwai jiya da yamma, ya ce in bari sai safe in dawo. Tambayi mai acaɓar da ya kawo ka, shi ya kawo ni."

"Ƙwai ya ƙare ne?"

"Ga su can cikin kwali. Ni dai an aike ni." Ya rage murya. "Ranka ya daɗe, wannan aikin ba na damisa ba ne, ba kuma na mutum ba. Dajin nan an kashe mutane da yawa ba a yi musu sallah ba. Ko igiyar shanyata ta ɓace."

"Ka dafa naman?"

"A'uzubillahi! Mushe? Na ce kada ya taɓa tukunyata. Enoch can gefe ya hura wutarsa."

Alhaji Abdulfattah yana zaune a inuwar motarsa, carbi a hannu, tabon sallah a goshi. Ya yi maganar diyya da murya mai laushi: damisa baƙuwarsa ce, shi zai biya ɓarnarta.

"Baffa ya ce kwance dangwalin aka yi," in ji Philemon.

Carbin ya tsaya, ya ci gaba. "To, ni ba na son zato, zato zunubi ne. Amma Enoch shi ya san daji, shi ya san rugar. Allah dai ya bayyana gaskiya."

Philemon ya koma ya zauna a kan wani kututture. Yana da damisa marar sawu, da ɓarawon da ke gasa abin sata a bainar jama'a, da likitar ido mai ganin jela a ciyawa, da fatalwa mai satar igiyar shanya. Rana ta karkata. Ɗaya daga cikin samarin ya fara buga sandarsa a kan fa, a hankali.

Yunwa ce ta taimake shi. Ragowar gasasshen naman na nan cikin takarda kusa da tokar wuta, sai ƙamshi yake. Tun rasuwar matarsa a gidajen mutane da teburan masu shayi yake cin abinci, kuma mai ci a teburin wasu yakan koyi lura da hannuwa. Ya tambaya, don dai kada ya miƙa nasa hannun:

"Enoch, wa da wa suka ci naman nan?"

"Ni. Madam ta ɗanɗana. Sai Alhaji, shi ya ce ma in ƙara masa yaji."

Philemon ya tashi. Ya je ƙarƙashin reshen ya dubi fa ɗin: ɗigon jini kaɗan, wanda ko kaza ta fi shi. Ya bi sawun taya da ya bar sansanin ya nufi rafi, Bakoji da samari biyu na biye. Inda sawun ya tsaya, a ƙasa mai laushi, akwai wani wuri kamar faɗin faifai da aka mayar wa ƙasa aka danne da ƙafa. Ya karɓi sandar Bakoji ya tona. Ƙasar ta fito baƙa, tana danƙo.

"Baffa, ina gabas?"

Dattijon ya nuna da haɓa. Shatar inda aka kwantar da dabbar tana nan a kwance cikin ciyawa, wuya a bakin ramin, fuska ga alƙibla.

Da suka dawo, Philemon ya tsaya gaban motar.

"Alhaji, ni ba Musulmi ba ne, ka ƙara mini ilimi. Mene ne hukuncin abin da naman daji ya kashe?"

"Haramun ne. Sai in an riske shi da rai an yanka."

"An riski wannan da rai?"

Alhaji ya kawar da kai. Philemon ya ci gaba:

"Ka ƙi naman gwangwani don ba ka san wa ya yanka ba. Wannan kuwa har da ƙarin yaji. Malam Isah ya ƙi shi don ya ɗauka mushe ne. Kai ka ci don ka san wa ya yanka." Ya juya ga jama'a. "Madam za ta tafi da cinikin Kirsimeti. Dole a samo mata damisa. Alhaji ya kori kuku zuwa gari, ya je ruga ya kwance maraƙi. Ya iya sata, amma hannunsa bai iya kashe dabba ba sai yadda aka koya masa ranar layya: ya haƙa wa jini rami, ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla. Daga baya ya yayyaga wuyan don ya ɓoye yankan, ya jefa igiyar shanya a kan reshe, ya ja da mota. A buɗe mana bayan motar."

Igiyar na can ƙarƙashin tayar safaya, da wata filaya mai gashin maraƙi a bakinta.

Alhaji ya dubi carbinsa. "Ai na ce zan biya. Kuma ganin nama zai lalace a banza, almubazzaranci ne."

"Enoch fa? Shi ba ya lalacewa?"

Madam Sophia ta sake duba hotonta, ta kashe wayar.

Bakoji da kansa ya durƙusa ya kwance Enoch. Ƙullin ya yi tauri, sai da ya sa haƙori. Ya ce wa yaransa su sauke maraƙin su feɗe, tunda ashe halal ne, su kai ɗaya cinyar gidan Enoch. Samarin da suka zo da sanduna suka shiga neman wuƙa.

Enoch yana murza wuyan hannunsa, ya matso kusa da Sufeton.

"Yallaɓai, ke nan babu ita?"

Philemon ya ɗauki tsoka ɗaya daga takardar, ya dangwali yaji.

"In tana nan ma, Enoch, ba ita ta yi bisimilla ba."